Itacena a Lungun Matafiya

Al-Sih, Madina

Zuwa ga Yayana Adam,
Tungar Ɗan'inna, ƙasar Chadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, Yaya, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen tunga. Allah ya ba ka sauƙin gwiwar nan da matarka Ƙaltume ta ce tana sa ka yin salla a zaune. Ranar Juma'a na ambaci sunanka a Harami, na roƙa maka lafiya da cikawa da imani. Mu nan sai godiya. Maigidana Sabiru yana nan da tasinsa tsakanin Harami da masallacin Ƙiblatain, kullum yana ƙorafin cunkoso amma ya ƙi ya huta. Ni kuma lokacin bukukuwa ne, hannuna bai rabu da lallen amare ba. 'Yarka Sundus tana gaishe ka. Har yanzu in na yi mata Hausa da Larabci take amsa mini, sai ka ce baƙuwa na haifa.

Na ga hoton taswirar da ka turo ta waya, na kuma saurari saƙon surukinka Bakri. Ya ce mutanen kamfanin da ya kawo sun sa dajin ƙaronmu a cikin manhajar kwamfuta, ta nuna musu inda za a sare tsofaffin dakwara a yi gawayi, a dasa sababbi a jere, wai nan da shekara ashirin daji zai fi yadda Kaka Ɗan'inna ya bar shi. Ya ce yardata kaɗai ake jira, tunda ina da gado a ciki. Yaya, ka san halina. Mutumin da bai taɓa kirana ya yi mini barka da salla ba, yau shi ke ce mini Hajiyarmu da murya mai zaƙi? Tun daga nan jikina ya ba ni. Sannan me ya sa suka zo awo da damina, lokacin da ko kan juji kore yake? Kuma gawayin nan, wa zai kwashe shi? Bakri ya yi dogon bayani, amma wannan bai taɓo ba.

Ban so in yanke hukunci da zargi kawai ba, sai na nuna wa Sundus. Ka san tana aiki da wani kamfani mai dashen itatuwa a bayan gari, kuma da irin wannan manhaja take yini. Na ɗauka za ta goyi bayan na'urarta ta ce tsufa ne ke damuna. Ta fara yabon aikin kuwa, ta ce taswirar ta yi kyau, har na fara hararar ta. Amma da ta natsu sai ta ce masu ƙera waɗannan manhajoji da kansu suna gargaɗi a kan abin da ba za su iya ba, masu talla ne kawai ba sa faɗa. Ta ce yawancinsu a kan itatuwan ƙasashen sanyi aka koya musu lissafin girma, itatuwa iri ɗaya, masu shekaru ɗaya, dasassu a layi, ba daji irin namu ba da dakwara da aduwa da magarya ke cuɗe, tsoho kusa da jariri. Ta ce manhaja tana ɗauka ruwan sama zai ci gaba da zuwa yadda ya saba. Na tambaye ta gobarar daji fa, da fara, da raƙuman makiyaya da ke ratsawa kowace shekara suna cinye duk wani ɗan dashe? Ta ce in ba wani ya zauna ya shigar da su ba, a wurin na'ura babu su. Har tohon da ke fitowa daga gindin itacen da ya mutu, da yawansu ba su san da shi ba. Ta ƙara da cewa hasashen shekara biyu ma ana kaffa-kaffa da shi a wurin aikinsu, balle na ashirin.

Duk wannan bai tsaya mini a wuya ba kamar jan launin da ke gefen taswirar. Sundus ta ce ja yana nufin itatuwan da ba su da amfani, waɗanda za a fara sarewa. Na sa ta ƙara girman hoton. Na ga kwarin, na ga hanyar rijiya. Yaya, lungun matafiya ne.

Sai da na zaunar da Sundus na ba ta labari, don ban taɓa gaya mata ba. Na ce mata lokacin da 'yan'uwan Kaka suka wuce Hajji a ƙafa shi ya tsaya, sai ya ware wa kowannensu dakwara guda, ya kewaye gindinta da duwatsu, ya ce kada wanda ya tsaga ta ya ɗebi ƙaro sai mai ita ya dawo ya tsaga da hannunsa. In itacen ya mutu, tohon gindinsa ya gaji sunan. Haka aka yi wa duk wanda ya kama hanyar gabas daga gidanmu, har ni. Sundus ta ce to ai ga dalili. Masu awo sun tambayi yawan ƙaron da kowane yanki ke bayarwa, aka ce musu wannan lungu ba ya ba da komai, suka shigar da haka. Ta ce manhaja ba ta da hanyar bambance itacen da ya kasa da itacen da ba a taɓa tambayarsa ba. Da Hausa ta faɗi wannan, karyayyiyar Hausarta, idonta ya cika da ƙwalla.

Na'ura dai na yafe mata, abin da aka zuba mata ta dafa. Bakri ma, a ce bai sani ba, shigowa gidan ya yi, ko da yake ban yarda ba, don duwatsun nan ko makaho ya yi tuntuɓe da su zai tambaya. Amma wa ya zagaya da masu awon? A ɗaya hoton da ka turo kai na gani tsaye da sandarka a tsakiyarsu. Kai ka ɗebo duwatsun itacena daga kwari ranar da zan tafi, a cikin rigarka ka zubo su har ta yage, Inna tana yi maka faɗa. Da suka tambayi abin da lungun ke bayarwa, kana wurin. Ina ta juya abin a raina ina nema maka uzuri. Na ce ko ba ka ji tambayar ba ne, ko ba ka gane ma'anar jan launi ba. Wata zuciyar kuma tana ce mini ka gane sarai, kawai ka gaji da gadin itatuwan mutanen da ba sa dawowa. In haka ne ba zan ga laifinka ba. Na ce zan yi shekara biyu, ga shi 'yar da na haifa a nan ta isa aure. Amma abin ya yi mini ciwo, Yaya, ciwo sosai.

Saboda haka ka gaya wa Bakri ban yarda ba. In suna son a sake magana, su dawo da rani su auna, su sa raƙuma da gobara a lissafinsu, su kuma faɗi wanda zai kwashe gawayin. Lungun matafiya kuwa kada gatari ya kusance shi, don ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na mutanen da ke kwance a maƙabartar Baƙi'a, jikokinsu na nan muna haɗuwa a gidajen biki.

Sauran magana tsakanina da kai ce. In ka cire rai da dawowata, kada ka bari kwamfuta ta sanar da ni. Kuma ba sai ka rubuto ba, na san bakinka yana da nauyi. In sanyi ya shigo ganye ya zube, ka je ka tsaga itacena da hannunka, ka ba wani mai zuwa Umara ƙaron farko ya kawo mini. In na gan shi zan gane, zan kuma ba Sundus ta ɗanɗana. In kuma masu Umara suka zo suka koma ban ga komai ba, zan san har yanzu kana jirana, ni kuma zan san abin da ya rage mini.

Ka gaida Ƙaltume da kyau, ka gaida Inna Tasallah ka ce ta sa ni a addu'a. Ina gaida Ubaidullah da Radiyya da yaransu. Bakri ma a gaishe shi, gaisuwa ba ta hana abin da na faɗa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da ke sauraron masu Umara,
Ruƙayyatu