Haƙora Biyu a Bangazi

Zuwa ga mahaifina Abdurradi, a Suhaj, ƙasar Misira.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, yaya Inna da ƙanwata Nagat? Ni ina cikin ƙoshin lafiya, in ban da haƙora biyu da suka rabu da ni ranar Talata.

Alhaji Muftah, mai ɗakin gwajin jinin da nake wa aiki, yana fama da ciwon sukari. Bincikena ya tabbatar cewa ƙullin maƙogwaronsa, wanda mu masana muke kira tayirod, ya yi tawaye: yana tilasta wa hanta kwararar da sukari, yana cinye allurar insulin kafin ta yi tasiri. Na gabatar da wannan hujja a majalisarsa, amma ya miƙa hannu ga shayi na uku, mai gyaɗa da tulin sukari. Sai na doke kofin.

A nan Libiya, zubar da shayin dattijo marin zuriyarsa ne. Ɗansa Salihin ya shaƙe ni, ya gwara fuskata da bango.

"Bamisiren banza! Digirin naka ya dasa maka wasu haƙoran!"

"Duka ba hujja ba ne," na ce, bakina cike da jini.

Jiya Alhaji ya suma, yana asibiti. Salihin ya ce bakina ne ya kama shi, ya rantse in Alhaji ya cika, zan bi shi.

Kada Inna ta ji. Kawu Fauzi ya jira ni a Sallum, kan iyakar Libiya da Misira, ranar Juma'a. Kafin nan, ku fifita Alhaji a kaina wajen addu'a.

Ɗanka mai biyayya,
Azzam