Takalmin Mijina a Ƙafar Dodo

Anti Araba, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da duk Takoradi za ta kwana tana labarinsa.

Mijina dattijo ne a cocinmu, sunansa kuma bari in riƙe tukuna. Kullum fuskarsa a murtuke. Tun da muka yi aure bai taɓa taka rawa da ni ba, ko ranar bikinmu cewa ya yi gwiwa ce ke damunsa. Duk Kirsimeti in dodanni, masu rawa da fuska a rufe, suka cika titi da badujala, sai ya taɓe baki ya ce shirmen yara ne, ya ɗauki Littafi ya tafi wai addu'a a Sekondi.

Bana ina bakin titi ina sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da soyayyen kifi, sai ga wata ƙungiya, kaya iri ɗaya, fuskoki a rufe. Wani mai tumbi a tsakiyarsu yana tsalle yana juyi, har samari na ba shi fili. Na yi dariya har da hawaye. Sai idona ya sauka kan takalminsa na hagu. Anti, ni na ɗinke shi da hannuna, da koren zaren koma!

Ba ƙaryar ce ta ƙona min rai ba. Ya yi rawa da mai lemo, ya yi da mai gyaɗa, har da tsohuwar da ke gasa ayaba, amma da ya iso teburina sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Da yamma ya dawo yana ɗingishi, wai in dafa masa ruwan gasa gwiwa. Ni kuma sakarya na dafa! Yanzu in tona shi a gaban coci, ko in ƙona takalmin?

Mai Kifi a Bakin Titi

'Yar'uwa, ajiye ashanar nan, takalmi bai yi miki laifi ba.

Kina da gaskiya. Macen da ta daɗe tana jiran rawa ɗaya, ta ga an raba wa 'yan titi kyauta, dole ranta ya ɓaci. Amma kin san garinmu, ba a kiran sunan wanda ke cikin fuskar dodo. Shi ya sa lauya da mai tura kura suke cashewa tare ba mai jin kunyar wani. In kika tona shi, kin raba shi da mutuncinsa, kin raba shi da ranar da yake sakewa, ke kuma har yanzu ba ki samu rawarki ba. Wuce ki da ya yi kuwa tsoro ne, ya san ke kaɗai za ki gane shi.

Ƙungiyoyin nan suna karɓar mata. Je wurin telansu a ɓoye ya ɗinka miki irin kayansu. Baɗi ki bar wa ƙanwarki tebur, ki rufe fuska, ki ɗinke takalminki na hagu da koren zaren nan, ki tsaya a gabansa. In ya dubi ƙasa zai gane. Ba shi da halin magana, ke ma haka, sai dai rawa.

Allah ya bar ku tare, ya ƙara wa gwiwar nan lafiya.

Anti Araba