Wasiƙun da Baffa Ige Ya Ƙona

Laraba, bayan isha'i

Wata bakwai ke nan ina bin gidajen tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo, ina tara wasiƙun da marigayi Baba ya aika musu lokacin da yake rubuta musu wasanni. Yau na samu Baffa Ige, wanda Baba ya fi rubuta wa, a unguwar Ƙofar Atiku.

Ya ba ni fura, ya yi wa Baba addu'a. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ce:

"Ɗiyata, na ƙone su. Shekarar da nib bar wasa, yarana sunka ce abin kunya na."

"Duka, Baffa?"

"Duka. Yanzu ko kalma guda ban iya tunawa."

Na kasa yin fushi, don idonsa ya cika da ƙwalla. Nawa kukan a keke napep na yi shi, har na iso unguwarmu, Gidan Igwai.

Ga amsoshinsa nan a gabana, waɗanda Baba ya adana a akwati. A wata wasiƙar Baffa ya rubuta, "Malam, maganarka ta hana ni barci." Ba zan taɓa sanin abin da Baba ya faɗa masa ba.