Furar da Na Dama wa Yayata Ranar Tiyata

Assalamu alaikum, masu kula da shafin nan da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗaliba ce a Aliero, gidanmu yana Maiyama, yayata kuma tana aure a Jega. Tun da ta yaye ɗanta na ƙarshe nononta ɗaya ya fi ɗaya girma sosai, riga ba ta zama mata, har ta daina zuwa biki da suna. Mijinta ya amince a daidaita mata su a wani asibitin kuɗi a Abuja, aka ce ni zan raka ta, tunda ni ke jin Turanci. Likitar da ke ba da allurar barci ba Bahaushiya ba ce, ni ta yi wa bayani, Yaya na kallon bakinmu: kada ta ci komai kafin aikin, kada ta sha abu mai kauri. Na fahimta sarai. Na ce a raina ai ina tare da ita, ni zan tsare, don haka ban fassara mata ba.

Da safe ta tashi da yunwa, ga furar da Inna ta kirɓa mana da citta tun a gida, ta ba mu tana cewa ba a shiga hannun likita da wofin ciki. Yaya ta ce, "Auta, dama mani furar nan. Mi kike jira?" Ita ta goye ni, ban taɓa ce mata a'a ba. Na dama, ta shanye, ta sa mini albarka. Da likitar ta tambaya a gaban ma'aikata, na sunkuyar da kai na ce ba ta sha komai ba. Tsoron me na ji? Faɗa kawai, faɗa a gaban mutane.

Tun ba ta gama farfaɗowa ba ta fara amai. Ɗakin ya cika da ƙamshin citta. Aman ya sarƙe ta ya shiga huhunta, aka sa mata iskar oksijin, yunƙurin kuma ya ɓalle ɗinkin gefe ɗaya. Da ta samu sauƙi likitar ta tsaya a kanta, ta dube ni, ta ce in gaya mata abin da ta sha ne ya jawo, jikinta lafiya lau yake. Yaya ta ce, "Mi ta ce?" Na ce, "Ta ce jikinki ne ba ya karɓar allurar barci."

Wannan maganar ce ke bina. In mai fura ta wuce ta bakin makaranta sai in kau da kai. Ina buɗe littafi sai in ji tarin Yaya kamar a bayana take, in waiwaya ba kowa. Wane irin karatu ne wannan, da na yi amfani da shi na rufe idon 'yar'uwata?

Yanzu ciwon ya ƙi haɗewa, yana ruwa. Likita a Birnin Kebbi ya ce sai an sake sa ta barci an ɗinke, kuma jinkiri ba alheri ba ne. Ta ƙi. Mijinta ya lallashe ta, Inna ta yi kuka, amsarta ɗaya ce: "Auta da kunnenta ta ji, in an sake sa mani allurar nan ba ni tashi. Wa zan bar ma ɗiyana?" Sai duk su juyo su kalle ni, ni kuma in kalli ƙasa.

In na faɗa, Inna za ta san furarta ce, Yaya kuma za ta san wa ta riƙe a matsayin kunnenta. In na yi shiru, ciwon na ci gaba da cin ta. Ranar Juma'a zan je Jega, ta ce in zo in wanke mata wurin, don hannuna kaɗai ta yarda da shi.

'Yan'uwa, me zan yi?