Tagogin ɗakin inabi

Zuwa ga Yaya Dorina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Nereo da jikoki. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan. Mu nan Fumane muna nan. Saƙonki na ta'aziyyar matata Zelinda ya iso, na gode. Mutane suna tambayata yaya nake ji. Ina ci, ina barci, ina aske gemu. Maƙwabta sun yi ta kawo tuwon masara da naman doki da aka dafa a jar giya, irin wanda Zelinda ke cewa sai da giyar Amarone mai shekaru yake sauka. Na cinye, na wanke kwano, ban san ko da gishiri a ciki ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne inabin bana. Kin san mun shanya shi a kan asabari a ɗakin sama tun ƙarshen kaka, kamar kullum, don ya yanƙwane kafin a matse a yi Amarone. Shekara da shekaru Zelinda ce mai tagogin ɗakin nan. Idan busasshiyar iska ta gangaro daga duwatsu ta buɗe, idan hazo ya taso daga kwari ta rufe. Ni aikina gona ne da gangunan giya. Ban taɓa tambayarta yadda take yi ba, don a lissafina ni zan riga ta tafiya.

Ranar da ta rasu, ƙanwarta Ilde ta bi gidan ta rufe kowace taga saboda makoki, yadda aka saba. Ta haɗa har da na sama. Don girmamawa ta yi, kuma babu wanda ya tuna da inabin. Gawa na ƙasa, wa zai ɗaga kai? Sai bayan an watse daga zaman makoki ɗana Ottorino ya tsaya a gindin matakala yana shinshina, ya ce Baba, ba ka jin wani wari? Na ce ban ji ba. Da muka hau, fumfuna ta yi toka-toka a kan asabarin da ke jikin bango. Ilde ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa ta kashe aikin ƙarshe na yayarta. Na ce ta tashi ta ɗauko almakashi, hawaye laima ce, ɗakin kuma ya ƙoshi da ita.

Mun yi kwanaki muna tsince ruɓaɓɓun ƙwaya ɗaya-ɗaya. Fiye da rabi ya tafi juji. Ottorino ya ce a matse sauran yanzu a yi giyar yau da kullum, a huta da fargaba. Gaskiya ya faɗa. Amma wannan inabin da hannunta ta jera shi, sai na ji bakina ya ce a bar shi ya kai watan Janairu. Bai yi musu ba, ya dai ce to wa zai riƙa duba iska, kai da ba ka san gabas ba sai an nuna maka hasumiyar coci?

Yanzu ni ke hawa. Ina leƙa kai waje, ina jiƙa yatsa don in ji iska, ina buɗewa in rufe kamar mai neman ɓataccen abu. Matan unguwa har sun fara cewa Gelmino ya buɗe tagogi tun furen kabari bai bushe ba. Su faɗa.

Yaya, kafin Zelinda, Inna ce ke wannan aikin, ke kuma kina biye da ita kina riƙe mata sanda. Ba wanda ya rage da ya gani sai ke. Wace taga take fara buɗewa, kuma me take dubawa? Ko abin da kike ganin shirme ne, rubuto shi. Abin da ya saura zai cika ganga ɗaya idan ya kai, hazo kuwa bai gama da mu ba.

Ki gaida Nereo da 'yarki Luigina da yaranta. Ottorino da matarsa suna gaisuwa, Ilde ma ta ce a gaishe ki, tana jin kunyar rubutowa da kanta. Kada ki jira sai kin sami takarda mai kyau.

Ƙanenki,
Gelmino