Gangar Kawu Wilmar da Kwamfutata

Litinin, 3 ga Yuli
Kawu Wilmar ya yarda, bayan dogon jan aji. Zai buga babbar gangarsa a wasan da zan yi ranar 15 a Ciudad Vieja, tsohuwar unguwar birninmu Montevideo, kwamfutata kuma ta kama sautin, ta murɗa shi, ta mayar da shi ta lasifika. Tun da ciwon gwiwa ya hana shi bin jerin makaɗan unguwarmu masu zaga titi da kiɗan gargajiya na candombe, bai sake kiɗa gaban mutane ba. Mama ta ce in lallaɓa shi, wai yayanta ya kusa zama kujerar falo. Ni dai sauti nake nema, gaskiya.

Laraba, 5 ga Yuli
Gwajin farko a garejinmu. Ya tara jaridu a bakin titi ya kunna, ya gasa fatar gangar har ta ɗaure. Na saita manhajar daidai kan wannan sautin. Da farko lafiya lau. Can sanyin Montevideo ya shigo, fata ta fara saki, sauti ya yi ƙasa, kwamfuta ta rikice tana kuka kamar akuya. Ya yi dariya har da tari. "Zulmita, wannan ƙawar taki mura take yi?" Raina ya ɓaci ƙwarai.

Alhamis, 6 ga Yuli
Nibia mai kula da zauren da za a yi wasan ta ce babu zancen wuta a ciki, ko ashana.

Asabar, 8 ga Yuli
Na aro ganga mai fatar roba, wadda ba ruwanta da sanyi. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ɗaya. "Bokitin wanki kika kawo mini?" Na ce Kawu, zamani ne. Ya ɗauki flas ɗinsa da ƙoƙon shayinsa na mate ya fice, ko sallama.

Lahadi, 9 ga Yuli
Ba ya ɗaukar waya. Ina da kiɗansa da na naɗa ranar Laraba, zan iya yin wasan ba tare da shi ba. Na kunna ina saurare. Ana ruwa, Mama na soya tortas fritas, irin fankenmu na nan, sai ga ta da gudu da cokali a hannu. "Wilmar ne ya zo?" Na ce a'a. Ta ɗan tsaya tana kallon lasifikar, ta koma kicin. Ban ji daɗin kaina ba.

Talata, 11 ga Yuli
Na sake rubuta manhajar. Maimakon ta kafe kan sauti ɗaya, yanzu bin fatar take duk inda ta sauka. Na je har gida na gaya masa.
"Wato ita za ta bi ni?"
"E, Kawu."
"To, yanzu ta yi tarbiyya. Ki mayar wa mutane bokitinsu."

Alhamis, 13 ga Yuli
Ya daina kallona, lasifika yake kallo. Ya buga, ya dakata, ta amsa, ya mayar mata, yadda suke kiran juna da ganga a titi. Hannunsa na dama ya kumbura. Wai ba komai.

Asabar, 15 ga Yuli
A bakin titi ya gasa fatar, masu tikiti suka kewaye wutar suna jin ɗumi, Nibia na zare ido. Muka shiga da sauri kafin ta huce. Daga nan sai sauka: fata na saki, kwamfuta na bin ta, har sautin ya koma gurnani a ƙirjin mutum. Ban taɓa jin aikina ya yi kyau haka ba. Kusa da ƙarshe na dube shi, ido a rufe, gumi na ɗiga, sai na ga ya kamata a ji shi zalla. Na janye sautina gaba ɗaya. Ya buga, ya jira amsa. Shiru. Ya buɗe ido, ya ƙarasa shi kaɗai har fatar ta daina magana. An daɗe ana tafi. Na ce wa Nibia na'ura ce ta tsaya.

Lahadi, 16 ga Yuli
Ya zo da safe, hannu naɗe da bandeji, bai ko zauna ba.
"Na'ura ta tsaya, ko? Ai na ga yatsanki. Wa ya aike ki? Ina tsaka da magana da ita kika toshe mata baki."
Na ce don shi na yi, don a ji shi shi kaɗai.
"'Yar nan, kaɗaici ai ina da shi a gida."
Na zuba masa mate.

Nibia ta ba mu wata rana a Agusta. Na ce ta sa sunansa a saman nawa a jikin talla. Ya fi kyau a ido ne, ba wani abu ba.