Mijin Yayata Ya Daina Karanta Mana Littafi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ranar Talata da safe na ga mijin yayata tsaye a ƙofar shagon da nake guga, da ƙullin wanki a hannu, bai shigo ba. Bari in koma baya kaɗan. Shi mai karanta littattafai ne, yana ɗaukar muryarsa a waya yana sakawa mutane su saurara. Wanda yake kai yanzu labarin wata annoba ne da ta share mutanen duniya, saura 'yan tsiraru suna yawo cikin kangaye suna neman ruwa. Ni karatuna bai yi nisa ba, da kunne nake bin littafi. Ni na kawo karatun nasa shago, muke sawa a lasifika muna aiki. Ban faɗa wa kowa cewa mai karatun na gida ne ba.

Kowa da ra'ayinsa. Maigidanmu yana son yadda ba ya sauri. Gajere, abokin aikina, ya ce mutumin nan da murya ɗaya yake karanta mutuwa da cin abinci, in ya zo maganar mace kuma sai ya matse hanci. Abin da ya fi ba su dariya, littafi yana cewa ba mai rai ko ɗaya a garin, sai ga ƙarar babur da kukan jariri a bayan muryar. Jaririn ɗan yayata ne, na san kukansa.

To a safiyar nan Gajere ya yafa tawul, ya matse hanci, yana kwaikwayonsa, ana ta ƙyaƙyatawa. Bawan Allah ya tsaya har aka gama, ya juya da kayansa. Tun ranar bai sake sakin komai ba. Yaya ta ce wai maƙogwaronsa ke ciwo. A gidansu nake cin abinci kullum, muna gaisawa lafiya lau, amma ba ya haɗa ido da ni.

Gaskiya Gajere bai yi ƙarya ba. Sai dai akwai abin da mijin yayata bai gani ba. Ranar da ya karanta inda uwa ta bar wa 'yarta ragowar ruwan, shagon ya yi tsit har Maigida ya ƙona wuyan rigar mutane. Gajeren ma kullum sai ya tambaya ko ci gaba ya fito. In yi magana ne ko in yi kamar ban gani ba? Shi yana zaton ba wanda ya lura da shi, alhali Maigida ya gan shi, telar da ke kallon shagonmu ma ta gan shi, kuma ina jin sun gane shi ne mai karatun.

Daga Mai Guga

Ɗana Mai Guga,

Ka yi magana, amma kada ka tayar da zancen safiyar. Ya ɓoye ta ne don ya tsira da mutuncinsa, ka bar masa. Ka roƙi Maigida da telar su ma su riƙe bakinsu.

Abokan aikinka ba su yi da mugunta ba, mai sauraro yana da damar faɗin abin da kunnensa ya ji. Shi ma yana da damar jin ciwo, don wanda aka yi wa dariyar muryarsa ji yake shi kansa aka yi wa.

Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yayarka ba. Ka fara da labarin rigar da ta ƙone, yadda ka ba ni shi. Sannan ka faɗa masa gyara biyu kawai: ya bar matse hanci, ya nemi wuri shiru. Ka yi tayin riƙe masa yaron lokacin ɗauka, ka kuma saurara kafin ya saki.

In ya ce ya haƙura da karatun, kada ka matsa. Amma ya yanke shawarar bayan ya ji duka, yabon da sukan. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa wa aikinku albarka.

Anti